Lubbert, Gudumar Roma

Duk mai cewa ƙasar Holan ba ta da tudu, bai taɓa ganin Dattijo Lubbert Hoogendam yana tafiya coci ranar Lahadi ba. A garinmu na Oldeveen, inda ƙasa take shimfiɗe kamar faifai, shi kaɗai ne abin da mutum zai ɗaga kai ya kalla. Baƙar kwat, baƙar malafa, tumbi a gaba yana share hanya, tarin makullan coci a ƙugu suna kaɗawa kamar an rataya wa bijimi ƙararrawa. Matarsa Aaltje tana can baya, riƙe da laimarsa.

Allah ya yi wa bawan nan baiwa har ta yi masa yawa. Shi ne babban dillalin cuku na yankin, duk manomin da ke tatsar saniya a wurinsa yake sauke kaya. Shi ne kuma shugaban dattawan ikkilisiyarmu ta Furotesta, kujerar da ya gada wurin ubansa, uban ya gada wurin nasa. Zaɓe ana yi, kada a yi masa ƙage. Sai dai shi ke tara ƙuri'u a cikin malafarsa, shi ke shiga ɗaki ya ƙirga, shi ke fitowa da ƙwalla a ido ya ce 'yan'uwa sun sake ɗora masa kayan da bai nema ba. Tawali'u kuwa, ba a magana. Yakan tsayar da mutum a tsakiyar gada, ana yayyafi, ya ba shi labarin irin tawali'unsa.

Duk wannan somin-taɓi ne. Aikin da aka haife shi dominsa shi ne yaƙi da Paparoma. Shi Paparoman yana can Roma bai san ana yi ba, amma wannan bai rage wa yaƙin zafi ba. Lubbert ya raɗa wa kansa suna Gudumar Roma. Mutanen gari, da yake ba su da ladabi, sukan ce Paparoman Cuku, amma sai sun waiga hagu da dama tukuna.

"Mutum ɗan Adam," in ji shi, ko a bakin kanti ko a wurin jana'iza, "mai tari, mai atishawa, mai ciwon haƙori, a ce wai in ya hau kujera ya yanke magana ba ya kuskure! Ni Lubbert, muddin ina numfashi, ba zan bari a ɗora mutum ɗaya a kan ikkilisiyar Allah ba. Na faɗa, kuma magana ta ƙare."

Shi kansa ba wanda ya taɓa jin ya ce ya yi kuskure, don bai taɓa yi ba. Wata shekara da sanyi ya sanar cewa ƙanƙarar da ta rufe magudanar gari ta yi ƙwarin da za a hau a yi zamiya. Tsofaffi suka ce a dakata tukuna. Ya hau don ya kunyata su, ya nutse har wuya, aka jawo shi da ƙugiyar jan ciyawa. Haƙoransa na kaɗawa ya bayyana wa jama'a cewa maganarsa daidai take, ƙanƙarar ce ta saɓa.

Fastoci kuwa zuwa suke su tafi kamar shamuwa. Wani an sallame shi don ya yi murmushi a kan mumbari. Wani don an gan shi a kan keke ranar Lahadi. Na yanzu, Fasto Joost, saurayi ne mai siririn wuya, ya koyi zaman duniya da wuri: kowace Asabar yakan kai wa Lubbert wa'azinsa, a ƙwanƙwasa shi kamar curin cuku a ji ko akwai ruɓa a ciki.

A ɗaya gefen magudanar akwai cocin Katolika, da limaminsu Fada Norbert, tsoho mai raha, mai tsohon keke da ke kuka kamar ɗan akuya. In sun haɗu a hanya Fada yakan ɗaga hula, Lubbert kuma ya ɗaga hanci. Amma cukunsa Katolika na saye, yana kuma sayar musu. Ya yi bincike ya gano cewa cuku ba shi da ɗariƙa.

Ana nan, sai cocinmu ya fara karkata. Kakanninmu a kan baƙar laka suka kafa shi, bisa turakun itace, turakun kuwa sun gaji. Tsaga ta fito daga tushe ta bi bango har rufi. Lubbert ya tsaya gabanta, hannu a baya, ya yanke hukunci cewa inuwa ce. Inuwar ta yi ta faɗi har tsuntsu ya yi sheƙa a cikinta. Ranar da guntun rufi ya faɗo kan ogan, babban abin kiɗan coci, ana tsakiyar zabura, injiniyoyin hukuma suka zo suka liƙa takarda a ƙofa, suka ce kada ƙafa ta sake shiga sai an gyara. Ga damina ta wuce, ga hunturu a bakin ƙofa.

Washegari Fada Norbert ya tsallako gada, ya jingine kekensa, ya ce wa dattawa, "Mu da safe muke gamawa. Ku zo da rana ku yi naku. Akwai ɗumi, akwai kujeru, gumakan nan kuma ba sa cizo."

Fasto Joost har ya buɗe baki zai yi godiya. Lubbert ya miƙe.

"Ni? In kai garken Allah cikin ramin kura don wai ana sanyi? Kakanninmu a cikin rumbuna suka yi sujada, a cikin jiragen ruwa, ana farautarsu, ba su durƙusa wa Roma ba! Yau ɗumi, gobe turare, jibi a ce mu sumbaci zoben Paparoma. Ina da sito. A can za a yi sujada. Wanda ya tsallaka gadar nan ranar Lahadi, kada ya dawo mana."

Dattawa suka dubi juna, suka dubi takalmansu, suka ce amin.

Haka muka shiga hunturu a siton cukun Lubbert. Wuta ba a hurawa, don cuku ba ya son zafi, kuma a gidan nan ra'ayin cuku ake bi. Mukan zauna a kan akwatuna tsakanin kantoci, numfashi na fita kamar hayaƙi, muna tsotsar alewar na'a-na'a irin ta lokacin wa'azi, amma ko alewar ɗanɗanon cuku take yi. In an tashi, karnukan gari su raka mu har gida. Ana rera zabura tari na amsawa. Lubbert, cikin kwat mai gashin tunkiya, a kan kujera mai matashi da aka ɗora masa bisa dandamalin awo, yakan ce bai ji wani sanyi ba, raunin bangaskiya ne ke sa mutane karkarwa.

Cikin masu raunin bangaskiyar har da Goggo Hiltje, tsohuwar da ba ta taɓa fashin sujada ba tun tana budurwa. Tari ya kama ta, ya sauka ƙirji, wata Lahadi ta sulale daga kan akwati, aka ɗauke ta sai asibiti. Ɗanta Harm manomi ne, ƙato, mai shiru-shiru, ɗaya daga cikin dattawa, wanda ba a taɓa jin wata kalma daga bakinsa a majalisa ba in ban da amin. Duk abin da shanunsa suka bayar Lubbert ke saye, in Lubbert ya juya masa baya sai dai ya zubar da madara a magudana. Ya je ya sami shugaba a hankali, hula a hannu, ya ce ko za a sake duba maganar Fada. Lubbert ya dafa kafaɗarsa ya ce ciwon uwarsa gwaji ne, ya kamata ya yi alfahari.

Amma Gudumar Roma ba kurma ba ne. Ya ji ƙus-ƙus ya yi yawa, ya gane cewa jama'a sun fara mance muguntar abin da ke hayin gada. Sai ya sa aka manna sanarwa har a jikin shagon burodi: ranar Asabar da la'asar zai rushe kujerar Roma da Littafi Mai Tsarki da kuma tarihi, a cikin sito, kowa ya zo. Ya aika wa Fada Norbert gayyata ta musamman, ya zo ya kare maigidansa in yana da baki.

Sito ya cika maƙil. Fada ya zo da 'yan cocinsa, ya zauna a gaba, ya lulluɓe gwiwoyinsa da bargo. Lubbert ya hau dandamali, ya ajiye littattafai kamar zai gina katanga, ya gyara makullai, ya yi gyaran murya.

"'Yan'uwa! Da ku baƙinmu na hayi, da Allah ya kawo ku yau ku sha magani! Cewa suke Almasihu ya kira manzonsa Bitrus dutsen da zai gina ikkilisiya a kai, ya ba shi makullan Mulkin Sama, shi kuma ya miƙa wa na bayansa, hannu da hannu, har zuwa mai farar hular yau. To, ku sauke ido ƙasa kaɗan a shafin! Bakin da ya kira shi dutse bai rufe ba ya kira shi Shaiɗan, ya ce ya koma baya. Wane irin dutse ne kuyanga za ta yi wa tambaya a bakin wuta ya narke kamar man shanu, ya rantse bai san Ubangijinsa ba, sai da zakara ya tona masa asiri? Dutsen ba mutum ba ne, shaidar da ya furta ce! Ikon ɗaurewa da kwancewa kuwa, duk manzannin aka ba, ba shi kaɗai ba!"

Fada ya ɗaga yatsa. "Ai bayan duk wannan shi ɗin dai aka ce wa ya yi kiwon tumakin, Lubbert. Mu abin da muka gani ke nan, Allah ba ya ƙyamar gini da tsagaggen dutse."

"Ba a ba ka izinin magana ba!"

"Af. Na ɗauka muhawara aka kira ni."

"Muhawara ce. Ni zan faɗi nawa, in faɗi naka, in rushe shi. Zauna ka huta."

Fada ya jefa alewa a baki ya huta.

"A Antakiya," Lubbert ya ci gaba, ya fara gumi shi kaɗai a duk siton, "da Bitrus ya yi fuska biyu, wa ya tsawata masa? Bulus! A ɓoye? A'a! Ido da ido, a gaban kowa! Da manzanni suka taru a Urushalima, wa ya yanke magana? Yakubu, Bitrus na zaune! Shi Bitrus da hannunsa ya rubuta cewa shi dattijo ne kamar sauran dattawa, ya gargaɗe su kada su yi wa garke mulkin danniya. Kun ji? Kada a yi wa garke danniya!" Ya naushi tebur har wani curin cuku ya gangaro. "Harm, ɗauke shi. A hankali, wawa, ba dutse ba ne."

Daga nan ya shiga tarihi, ya yi iyo. Ya kawo labarin takardar da aka daɗe ana tinƙaho da ita, wai wani sarkin Rum ya mallaka wa Paparoma ƙasashen yamma, ashe jabu ce. Ya kawo na wanda majalisar bishop-bishop ta la'anta bayan mutuwarsa saboda karkatacciyar koyarwa. Sannan ya zo kan abin da ya fi so, har yana lashe baki.

"Akwai zamanin da aka yi Paparoma uku a lokaci guda! Kowa da hularsa, kowa na tsine wa sauran. Wa ya raba gardama? Majalisa! Ta zauna a garin Konstanz, a bakin tafki, ta tuɓe biyu, na ukun ya sauka da ƙafarsa. Me wannan ya koya mana? In kai ya ruɓe, jiki ba ya zama yana kallo. Majalisa tana gaba da mai makullai! Ku faɗa in ji!"

"Majalisa tana gaba da mai makullai," in ji jama'a. Ba a taɓa amsa masa da irin wannan ƙarfi ba. Ya lumshe ido don daɗi.

Sai Harm ya miƙe, curin cukun na rungume a ƙirjinsa.

"Ɗan'uwa Lubbert, a yi mini afuwa, so nake in gane sosai. Ko da shi mai makullan bai yarda ba?"

"Ai da da yardarsa ne da ba a kira shi tuɓewa ba. Kai dai kanka kamar na saniyarka yake."

"Haka ne. Wanda kuma ya ga babba ya kauce, ya yi shiru fa?"

"Ya ci rabonsa na zunubin! A fuska ake faɗa, a gaban kowa!"

"To, madalla." Harm ya ajiye cukun a hankali. Ya dubi Lubbert ido da ido. "Ga fuskarka, ga kowa. Ka yi kuskure, Lubbert. Uwata tana kwance da roba a hanci saboda taurin kanka. Madarata in ka ga dama kada ka ƙara saye, na sha da 'ya'yana. Dattawa duk muna nan. Fasto, doka ta hana mu zama yanzu?"

Fasto Joost ya saci kallon Lubbert. "Ba... ba ta hana ba."

"To, wanda ya ga a sauke shugaba, gobe kuma mu tsallaka gada, ya ɗaga hannu. Ba sai an nemo malafa ba."

Sai hannun maƙerin gari ya tashi. Na malamin makaranta ya bi. Kafin ka ce kwabo hannuwan dattawa duk suna sama, na sauran jama'a ma da ba a tambaye su ba suka bi sahu. Har an ga hannun Aaltje a sama, ko da yake daga baya ta ce hularta take gyarawa.

Wanzami dai ba ya son jarfa. Fuskar Gudumar Roma ta yi ja kamar jan kakin da ake shafe cukun da za a kai ƙasar waje.

"Ku? Ku sauke ni? Wa ya ba ku iko? Kujerar nan daga kakana ta zo wa ubana, daga ubana ta zo mini, hannu da hannu, ba a taɓa yankewa ba! Ga makullai a ƙuguna! Abin da na ɗaure ya ɗauru! Ba ni, ba ikkilisiya a garin nan!" Ya miƙa hannu ya share siton da yatsa tun daga wannan bango har wancan. "Na kore ku! Dukanku! Kai Harm, da kai Joost, da masu ɗaga hannu, da masu niyyar ɗagawa! Daga yau ba ku cikin ikkilisiya!"

Fada Norbert ya naɗe bargonsa yana girgiza kai, kamar mai sana'a ya ga gwanin da ya fi shi. "Kai!" in ji shi. "Ko namu ya kwana biyu bai kori gari sukutum ba."

Maƙeri ya ce a karɓi makullai. Lubbert ya dafe su da hannu biyu ya ce sai dai a yanke ƙugun. Harm ya ce a bar masa abinsa, ai ƙofar da suke buɗewa hukuma ta riga ta liƙe.

Ran Lahadi da rana korarru suka tsallaka gada, kowa da littafin zaburarsa. Muka zauna cikin ɗumi, gumaka na kallonmu muna kallonsu, muka rera waƙoƙinmu a hankali yadda muka saba. Ba wanda ya sumbaci zobe, ba wanda ya fito yana son Paparoma fiye da yadda ya shiga. Fasto Joost ya yi wa'azin da ba a ƙwanƙwasa ba, har ya soki Roma kaɗan don kada a ce, Fada na kujerar baya yana gyaɗa kai, ko yarda ce ko gyangyaɗi, Allah masani. Da Goggo Hiltje ta samu sauƙi aka sallamo ta, ta kama wuri kusa da bututun ɗumi, ta ce ko da igiya ba mai fitar da ita sai bazara.

Lubbert kuwa ya buɗe ikkilisiya ta gaskiya a sito, shi da Aaltje da kantocin cuku. Ya ce bai taɓa samun jama'a masu nutsuwa irin waɗannan ba. Da Aaltje ta fara tari ta ce za ta leƙa gida ta duba tukunya, aka hango ta a kan gada.

Nan ne haƙurinsa ya ƙare. Ya goge takalmi, ya rataya makullai, ya hau jirgin ƙasa zuwa birni, inda ofishin babbar majalisar ikkilisiyoyinmu yake. Ya ce wa mai karɓar baƙi shi ba ya magana da yara, a kai shi wurin na sama. Aka kai shi wurin wani tsohon fasto mai furfura, wanda ya zuba masa kofi, ya miƙa masa biskit guda, ya rufe gwangwanin, ya saurari ƙarar tun daga kakan Lubbert har zuwa hannun Aaltje.

"Abin da nake so ɗaya ne," in ji Lubbert. "Shugabanku ya sa hannu yau, ya soke hukuncin 'yan tawayen nan, ya mayar da ni kujerata."

"Ɗan'uwa, ai ba mu da mai wannan iko. Kana iya ɗaukaka ƙara. Kwamiti zai zauna, ya miƙa wa majalisar yanki, su ji bakin dattawanku, a jefa ƙuri'a. In Allah ya so, kafin baɗi war haka ka ji wani abu."

"Ƙuri'a! Ni da ƙuri'a ta cuta za ka mayar wa ƙuri'a? Ina babbanku? Wanda ke saman kowa?"

"Babu. Shugaban taro muke da shi, shi ma in wa'adinsa ya cika ya koma cikin sahu."

Lubbert ya miƙe tsaye, makullai suka yi kuka. "To, wannan wace irin ikkilisiya ce? Kowane manomi mai warin kashin shanu ya tashi ya ƙalubalanci na gaba da shi! Garke ba makiyayi! Dole a sami mutum ɗaya, mai kujera, mai makullai, wanda in ya yi magana kowa zai kama bakinsa, ba majalisa, ba gardama! In ba haka ba ina tsari? Ina tsoron Allah?"

Tsohon ya kurɓi kofinsa, ya dube shi ta saman tabarau da tausayi.

"Irin wadda kake nema akwai ta, ɗan'uwa, ba ma sai ka yi nisa ba. Suna da reshe a garinku, da safe suke taruwa. In ka je ka ce ni na turo ka." Ya tashi ya buɗe masa ƙofa. "Sai dai in gaya maka tun da wuri, kada ka sa rai da yawa. Kujerar saman akwai mutum a kanta."